Wayar Rediyo a Jikin Goran Baba

"Wa ya cire wayar kan tsamiya?"

Haka na faɗa gidanmu a Haɗeja ina haki. Zamanin Turawa ne, ina gyaran agogo. Wani Baturen gona ya sayo rediyon aikawa da karɓar magana a warwatse cikin kwali, muka yi wata biyu muna haɗa shi a zaurenmu.

Ranar ruwa ya cinye hanyar Kano, ga direban Baturen maciji ya sare shi. Muka kunna don neman likita, shiru. Jar wayar da muka rataya kan tsamiya don kamo magana ta ɓace, kuma babu irinta a garin.

Na tarar da Baba ya ɗinke tsagar goran da yake hawa a ruwa yana kamun kifi da ita.

"Baba, ran mutum ke kan wayar nan!"

Ya dubi goran da ke ciyar da mu. Sai ya hau warwarewa har goran ya rabe biyu.

Muka mayar da wayar, muka kira. Likita ya amsa, ya faɗi abin yi, direba ya tashi. Baba kuwa bai sake shiga ruwa ba a shekarar.

Yau na ga irin goran a kasuwa, sai ƙwalla. Ku fa, wa ya taɓa fasa goransa dominku?