Jirgina Ya Fuskanci Hagu

A aji biyar na firamare, a unguwar Badarawa, babu abin da nake tsoro kamar a kira ni gaban allo. Shekara guda na yi ina zaune a benci na huɗu, bayan wata doguwar yarinya, ina ɓoye kaina a inuwar hijabinta. Na san tsagar da ke jikin bangon ajin, na san wace taga ce ke ƙara idan iska ta taso, amma Malamar lissafi ba ta san muryata ba.

Wata Juma'a Malama ta shigo da takardu masu gida-gida, ta yago su daga littafinta, ta ba kowa ɗaya. Ta ce mu ja layi a kwance da layi a tsaye, mu sa sifili inda suka haɗu, mu jera lambobi. Sai ta rubuta lambobi bibbiyu a allo: ta farko taku ne a kwance, ta biyu hawa sama. Inda ka tsaya ka ɗiga ɗigo. Idan muka haɗa ɗigon duka, in ji ta, za mu ga wani abu. Ranar Litinin za ta karɓa, kuma duk wanda ya ɓata zai fito ya sake a allo.

Aikin ya yi mini daɗi, domin babu magana a cikinsa. Na ƙirga gidajen da bakin biro, na ɗiga, na haɗa da rula. Jirgin sama ne ya fito, irin waɗanda ke tasowa daga filin jirgin Mando su girgiza mana kwanon rufi. Ina cikin kallonsa abokiyar zamana, 'yar wani ma'aikacin gwamnati mai yawan surutu, ta leƙo.

"Ke, naki ina za shi? Kowa ya nufi Makka, ke kin juya Legas."

Na dubi nata, na dubi na gaba da mu. Duk hancinsu na kallon dama, nawa kaɗai hagu. Kafin in gane dalili aka kaɗa ƙararrawa.

Ban iya cin abincin rana ba. Na zauna, na tashi, na sake ƙirga kowane ɗigo sau uku, duk daidai suke. Na gwada goge biron da yawu a wani gefe, takardar ta fara saɓulewa, na bari. Ranar Asabar na zana gidajen da kaina a takardar littafi, suka fito wasu manya wasu ƙanana, jirgin ya karkace, kuma shi ma ya kalli hagu. Inna ta tambaye ni ko tsutsar ciki ke damuna, da na kasa zama wuri ɗaya.

Babana malamin allo ne, a zauren gidanmu yake karantarwa, kuma a hannunsa na fara riƙe alƙalami tun ina shekara huɗu. Ranar Lahadi bayan la'asar na tsaya a bakin zaure har ya gan ni. Na miƙa masa takardar. Bai san lissafin boko ba, amma ya daɗe yana dubawa, sannan ya aza yatsa a kan sifilina, a kusurwar dama ta ƙasa, ya bi lambobin zuwa hagu.

"Uwata, ai rubutun allo kika yi musu. Su ta can suke farawa."

Sai a lokacin na gani. Hannuna ya je dama da kansa, kamar yadda yake yi kowace asuba. Baba ya yi dariya, ya ce in gaya wa Malama gaskiya kawai. A ganinsa abu ne mai sauƙi.

Ranar Litinin Malama ta bi benci-benci. Da ta zo kaina ta ɗaga takardar, ta karkata kai tana dubawa. Ta tambayi aikin babana, na faɗa a hankali har sai da ta sunkuyo. Ta ce ƙirgata babu kuskure ko ɗaya, amma doka doka ce, ta miƙo mini alli.

Tafiyar daga benci na huɗu zuwa allo ta yi mini nisa. Ina isa, hannuna ya sake nufar dama, aji ya fashe da dariya. Na riƙo shi da ɗaya hannun na dawo da shi hagu. Malama ta ce in riƙa faɗin kowane taku da ƙarfi, don na baya su ji. Na fara ƙirgawa: uku a kwance, biyu sama. Allin ya karye sau biyu. Wajen ɗigo na shida dariyar ta mutu, na ji wasu suna ƙirgawa tare da ni.

Da na gama ta ce ashe ina da baki. Daga wannan rana ta mayar da ni bencin farko, kuma da wuya mako ya wuce ba ta miƙo mini alli ba. Ban daina jin tsoron ba har muka bar firamare. Fita gaban allon dai nake yi da shi.