Mangwaron da Iya Ta Tuge

A gidanmu na Gagarawa ko bishiya ɗaya babu. Maƙwabta na da darbejiya, wasu har da lemo, mu kuwa sai rumfar kara. Abin yana ci mini rai. Ina yarinya na binne ƙwallon mangwaro a bayan madafa, ina ba shi ruwa a ɓoye har ya yi ganye. Ranar da kakata Iya Tabawa ta gan shi, ta sa hannu ta tuge shi ta jefa a murhu. Matar da ko kaza ba ta iya kora da tsawa! Na yi kuka har muryata ta dushe.

Bayan sallar isha muka kewaye wutar da take jin ɗumi. Na zauna nesa ina kumbure-kumbure.

"Ga wata tatsuniya nan tafe," in ji Iya, "kuma ta masu fushi ce."

Wai 'yan'uwa uku ne. Babban ya zauna gidan gado, ɗakinsa nasa ne, amma tsakar gida ta kowa ce. Na biyu ya kama haya. Autan kuwa wani attajiri ya ba shi aron gida, ba ko sisi. Daɗi ya kwashe shi, ya aje iyali, ya dasa dabino. Da attajirin ya hango dabinon ya leƙo ta kan katanga, sai ya ce wanda ya dasa itace ba shi da niyyar tashi, gobe zai ce gidan nasa ne. Ya fitar da shi da tsakiyar damina.

"Iya, a kan dabino kawai?" muka tambaya baki buɗe.

"Ɗan haya ai kullum ana tuna masa, 'yan nan. Mai zaman aro ne ke mantawa."

Ni dai na ɗauka wayon tsofaffi ne, don kada in ci gaba da fushi.

Ina aji biyar na sakandare Iya ta rasu. Ana gama zaman makoki wasu mutane suka zo daga Maigatari da igiyar awo. Na fito a fusace ina jiran Baba ya kore su, sai na ga ya shimfiɗa musu tabarma, kansa a sunkuye. Ashe mahaifinsu ne ya ara wa kakanmu gidan, da alkawarin ba za a tashi Iya ba muddin tana raye. A gidan nan aka binne cibiyata, har da ta Baba, amma ba wanda ya taɓa gaya mini.

Har yau ban gama yafe wa manyanmu wannan shirun ba, ko da yake na san kunya ce ta hana su. Yanzu haya nake a Gumel, mu magidanta huɗu da famfo ɗaya. Da 'yata ta fara wayo na zaunar da ita da rana tsaka, ban yi mata tatsuniya ba. Na ce, "Ummi, gidan nan ba namu ba ne."