Lanƙwasar Baba

Baba bai taɓa yafe wa wayata ba. Watan da na fara gadi a Doha na tura masa saƙo cewa mu baki ne a ƙasar nan, sai ya kira ni musamman.

"Bakin wa? Na kada ko na tulu?"

"Baƙi, Baba. Wayar ce ba ta da lanƙwasa."

"To ka saya mata."

Baba mai jera haruffan dalma ne a tsohuwar maɗaba'ar jarida a Zariya, aikin da ya gada. Kakana ya ga zamanin da Turawa ke ɗiga ɗigo a ƙarƙashin k da d da b, har ranar da aka kawo haruffa masu lanƙwasa daga ƙasarsu. Baba yakan ce ranar ce Hausa ta samu takalmi daidai ƙafarta. Ya ba ni labarin nan har na haddace inda yake tsayawa ya yi tari.

Da ya rasu ban samu hutun zuwa gida ba, sai 'yan'uwanmu da ke nan suka shirya masa addu'a a Al Wukair, wajen Doha. Na so in raba ɗan kati mai hotonsa da layi ɗaya: ya ƙare rayuwarsa yana jera baƙaƙe. Na tafi wani shagon buga takardu a kasuwar Asian Town. Mai shagon, ɗan Indiya mai fara'a, ya danna, duk inda ƙ take sai ɗan akwati ya fito. Ya canja rubutu, akwatin bai tafi ba. Mutane sun yi layi a bayana.

"Khalas, shi ke nan, k kawai," in ji shi. "Duk ɗaya ne."

Na ce ba ɗaya ba ne, amma motar kamfani ba ta jiran kowa. Na karɓa. A hanya na fito da biro ina yi wa kowace k lanƙwasa a kan gwiwata, mota na tsalle. Ban kai rabi ba muka iso.

Na raba katunan, ina jira wani ya ɗaga kai ya yi mini tsiya. Kowa ya karanta, ya ce Allah ya jiƙansa, ya sa a aljihu. Wallahi na so a ce wani ya lura. Na ciro waya don in kai ƙara, sai na ga lambar da yatsana ya nufa ta Baba ce.