Sunan da Muka Samo a Hanyar Makka

Ana idar da sallar asuba motarmu ta bar Kano, ni da maigida da ƙanwata, wadda mijinta ya riga mu zuwa Makka yana ɗinki. Tana da ƙaramin ciki, kuma duk 'ya'yan da ta haifa ba wanda ya kai yaye. Tsofaffin gidanmu sun ce wabi take yi, don haka in ta sauka a ɗora jaririn kan juji, a riƙa kiransa Ajuji, wai mutuwa ta zaci ba a sonsa.

Daga garin Fallomi zuwa Sudan rairayi ne zalla. Mota ta kafe, maza su tura, mu mata mu taya su da salati. Abinci kuwa asida ce, wato tuwon da bai gama yanke shawarar zama tuwo ba.

A Al'ubayyid muna jiran jirgin ƙasa, muka shiga kantin wani Bagirke sayen sabulu, mai ɗan karen tsada. Matarsa ta dubi ƙanwata, ta tura mata kujera, ta ƙwala wa ɗanta kira ya kawo ruwa: "Zakariyas!" Na yi mamakin jin sunan Annabi a bakinta. Maigida ya tambaye ta asalin sunan da Larabci. Ta ce asalinsa ba Girkanci ba ne, daga Ibrananci suka karɓo shi, ma'anarsa "Ubangiji ya tuna". Ita ma ta daɗe tana binne 'ya'ya kafin wannan. Har muka haye teku daga Sawakin ina jin ƙanwata tana maimaita maganar.

A Makka muka sauka unguwar Nakkasa, kan tudu, cikin 'yan'uwa Hausawa. Ruwa sai an saya, hawa sai da haki. Ganin Ka'aba ya mantar da ni duka. Bayan Arfa ƙanwata ta haifi namiji.

Wata tsohuwar Basakkwata mai masaukinmu ta miƙo hannu.

"Yalla ɗiyata, kawo shi mu aza ga juji."

"A'a, Inna," in ji ƙanwata. "Na gaji da nuna ba na son abin da nake so. Ba zan ɓoye shi ga Mai shi ba. Zakariya'u ne."

Tsohuwa ta janye hannunta, ta ce, "Khalas, shi ke nan, Allah shi raya." Ni kam na tsorata.

Mun dawo gida lafiya, ita da mijinta har da yaron. Na koyi cewa zuciyar uwa ɗaya ce, ko a Kano ko a kantin Bagirke, kuma rai ba ya tsawo da dabara. Gobe ta Allah ce. Yau dai Ya'u yana rarrafe a tsakar gidana, yanzun nan ya kifar mini da ƙullu.