Ranar da Anka Auna Taubashina

Ni ban taɓa zama gwanin hankali ba. Allona ma Malam ya karɓe shi tun ban yi nisa ba, yac ce gara a ba wanda zai amfana. Na tafka wauta iri-iri a duniya, amma akwai wata dariya da niy yi a gidan yarin Sakkwato zamanin Turawa, wadda har in shiga kabari ba ni mantawa da ita.

Ina da taubashi, ɗan kawuna. Tare munka tashi a wani ƙauye kusa da Giyawa, ba mu gaisawa sai da zagi. Shekarar da anka ɗebe mu aikin hanyar mota wajen Wurno, wata safiya sunka yi cacar baki da wani maƙwabcinmu a kan kwandon ɗibar ƙasa. Da la'asar faɗan yat tashi sabo, taubashina yaɗ ɗaga ƙotar diga yam maka mai ga kai. Mutumin bai kwana ba. Da yake wurin aikin gwamnati abin ya faru, ba a kai shi gaban alƙali ba, kotun Turawa anka kai shi. Joji yac ce tunda har ya ci tuwon rana tsakanin zagin da dukan, zuciyarsa ta huce, da niyya ya yi. Anka yanke mai kisa.

Mu a gida ba mu razana ƙwarai ba, don mun san jini yana da masu shi. Uwar mamacin, tsohuwar da duk unguwa ke ce wa Inna, ta kira liman da ɗanta guda da ya rage, tac ce, "Mun yafe. Ba mu son diyya, ba mu son jini. Kabari ɗaya ya ishi unguwag ga." Liman yac ce to magana ta ƙare, sai dai a tahi a shaida wa hukuma. Ni niɗ ɗora Inna bisa jakina munka kama hanyar Sakkwato. Har riga wankakka na ƙunsa, wadda zai saka mu komo, ina tafe ina tsara irin tsiyar da zan yi mai.

Gidan yari munka fara zuwa. Wani gandiroba dattijo ya bar ni na gan shi ta tsakanin ƙarafa. Ya rame, amma bakin nan na nan.

"Kai, ɓarawon albasa, wa ya nuna maka hanyar birni?"

Nic ce, "Rufe mini baki, ɗan kaso. Inna ta yafe, tana waje. Gobe jakina zai sha nauyinka."

Hawaye sunka cika mai ido. Can yas share, yac ce, "Ashe shi ya sa! Jiya sunka ɗora ni bisa sikeli, wani ya zagaya wuyana da zare. Na ce ko riga za su ɗinka mini ta sallama."

Jama'a, nan niy yi dariyar. Har da riƙe ciki. Nic ce, "An auna ka kamar buhun gyaɗa! Ka ce musu rabin nauyin duk ƙarya ce." Shi ma yana ƙyaƙyatawa. Gandiroban nan bai ko murmusa ba, ya kau da kai. Na ɗauka rashin fara'a ne irin na mutanen birni.

Washegari munka samu shiga ofishin Baturen mulki. Wallahi bai wulaƙanta mu ba, har kujera yas sa anka ba Inna, taƙ ƙi, taz zauna ƙasa. Ta faɗi abin da ya kawo ta, tafinta ya juya. Bature ya saurara har ƙarshe, sannan yay yi magana a hankali. Tafinta yad dubi ƙasa, yac ce, "Inna, ya ce ya yaba da halinki. Amma a dokarsu jinin ba naki ba ne, na Sarkin Ingila ne. Shi ke da ikon yahewa, kuma Gwamna ya riga ya tabbatar."

Tac ce, "Mi yac ce?"

Ya maimaita. Ni kuwa sai sikelin nan da zaren sunka faɗo mini a rai. Na koma gidan yari da gudu, niy ishe dattijon nan bakin ƙofa. Nic ce, "Baba, don Allah, awon nan na mine ne?"

Yac ce, "Yaro, da nauyin mutum ake sanin tsawon igiyar. In ta gaza ya daɗe yana shan wuya, in ta yi yawa..." Bai ƙarasa ba. Na zauna cikin ƙasa kamar an sare ni. Ban iya komawa ciki na dube shi ba a ranan.

Bayan kwanaki kaɗan anka rataye shi. Munka roƙi gawa mu kai gida mu yi mata sutura, anka ce ita ma ta hukuma ce, an rufe ta can cikin ganuwar gidan yari. Har yau ban san inda zan tsaya in yi mai addu'a ba.

Taubashina ya yi laifi, ban taɓa cewa bai yi ba. Abin da na koya shi ne, hukuncin da ba shi da ƙofar afuwa ba ya share hawayen kowa, sai dai ya ƙara gidan makoki. Kuma tun ranan, in na ji abin da ban gane ba, nakan tambaya kahin in buɗe haƙora.

Munka kamo hanyar gida ni da Inna har munka wuce Wurno. Sai da munka tsaya shan ruwa bakin gulbi tad dube ni, tac ce, "Ɗan nan, kai da ka ji maganarsu da kyau, gaya mini. Shi Sarkin Ingilan, ya ko san sunan ɗana?"