Bayan Kukar Can Ne

Kakarmu Inna Delu ba ta fara tatsuniya sai ta tura dankali cikin tokar murhu. Mu zagaye ta a ƙofar ɗakinta a Ruwan Godiya, ta buɗe bakin labari, mu amsa, sannan ta gyara zama.

Wadda na fi riƙewa ita ce ta Tanko, wanda ya ɗora mahaifiyarsa marar lafiya bisa jaki zai kai ta wurin mai magani, da gorar ruwa ɗaya. Duk manomin da ya tambaya sauran tafiya sai ya dubi tsohuwar, ya ce ai sun iso, bayan kukar can ne. Jin haka Tanko ya shayar da ita, ya sha, ya juye wa jaki sauran. Suka wuce kuka bakwai babu gari. Jaki ya durƙushe, sai goya ta ya yi har garin.

Na taɓa cewa manoman maƙaryata ne. Inna ta ce, "A'a, ɗiyata, tausai suka ji. Shi ne bai duba rana ba, bai lura da sawun jakinai ba."

Bara da damina zazzaɓi ya kama autata Hafsatu. Na goya ta, babanta ya ɗauke mu a mashin daga ƙauyensu zuwa asibitin Kankara, tafiyar kilomita 32.5. Hanya duk laka. Ina leƙen allurar gudun mashin ta kafaɗarsa, ba ta wuce kilomita sha huɗu a awa. Na tambaye shi, ya ce saura kaɗan, da muryar da yake lallashina.

Sai na yi lissafin sakandare a zuci. Awa ɗaya da rabi da muka yi a hanya, wato 1.5, sau 14 ya ba da kilomita 21. Saura 11.5, kusan minti hamsin ke nan. Magariba saura minti ashirin, kuma yanzu ba mai bin hanyar nan da duhu.

Muna shiga wani gari na ce, "Malam, don Allah mu tsaya ƙaramin asibitin garin nan."

Sai ya karya kan mashin. Nan aka yi mata allura, muka kwana, da safe ta nemi koko.

Da can laifin Tanko nake gani. Yanzu na san daɗin kalmar nan a kunnen mai ɗauke da marar lafiya. Ni ma ranar saura ƙiris in yarda, don ina so ta zama gaskiya.