Buɗaɗɗen Hannun Haladu

A Madina aka yanke wa Haladu cibiya, a wani ɗakin haya da tuni aka rushe aka shimfiɗa titi a kansa. Mahaifinsa ya taso daga Cadi yana saurayi, ya ratsa Sudan, ya haye teku, ya sauke farali, daga nan ƙafarsa ta ƙi komawa. A nan ya rasu, aka kai shi maƙabartar Baƙi'a da hantsi. Abin da ya bar wa ɗansa bai wuce Hausar cikin gida ba, sai fasfo na ƙasar da yaron bai taɓa shan ruwanta ba, da iƙama, takardar zaman baƙo, wadda ake sabuntawa ana sake sabuntawa.

Haladu ya girma har ya yi furfura bai taɓa ɗaukar kansa baƙo ba. Ya san shekarun da ruwa ya cika kwarin Aƙiƙ. Ya san mai burodin unguwar Azizya da ke ƙona gefen burodi in ya yi faɗa da matarsa. Ya auri Kaltuma, wadda ita ma haifaffiyar garin ce, suka haifi 'ya ɗaya, Hibatullah, mai jin Hausa sarai amma ba ta amsawa sai da Larabci.

Aikinsa a filin jirgi yake. Shi ke tura keken gajiyayyu, tsofaffin da suka kashe ƙarfinsu suna tara guzuri, suka iso ba su da ƙafar taka garin da suke mafarki. Yakan sunkuya ya ce, "Sannu da hanya, Hajiya," sai tsohuwa ta riƙe masa hannu ta fashe da kuka, don ba ta zaci za ta ji harshen gida a nan ba. Ranar komawa kuwa, alhazai kan tarar jaka ta yi nauyi da dabino da tsaraba, sai su fara sauke abin da suka zo da shi: ragowar yaji, garin kunu, silifa, butar roba. Duk wanda ke kusa shi ake miƙa wa, kuma ba a mayar da hannun alhaji baya.

A haka ne wani dattijo ya ga Haladu ya miƙe daga sunkuyo yana dafe da ƙugu. Ya laluba aljihu ya ciro wata baƙar leda cike da katin ƙwayoyi.

"Ɗana, riƙe wannan. Shi ke tashe ni tsaye. Ni gida zan koma, can ba ya wuya."

Rubutun jikin katin na boko ne, Haladu kuwa Larabci kawai yake karantawa. Ya sha ɗaya a ranar, bayansa da ya daɗe yana cizonsa ya yi tsit kamar an rufe ƙofa. Ya ajiye ledar a aljihun rigar aiki. Ba a gidan da mutum ke cin abu shi kaɗai ya tashi ba. In wani abokin aiki ya yi nishi wajen ɗaga akwati, Haladu kan ɓallo ƙwaya ya miƙa masa, kamar yadda zai miƙa goro.

Wata safiya aka yi bincike a ƙofar ma'aikata. Jami'in ya juya katin, ya karanta, ya kira na sama da shi. Tiramadol ne. Haladu ya taɓa jin sunan a bakin mutane, yadda ake jin sunan wata cuta ta wani gari. Aka ce ya miƙo hannuwansa, ya miƙa.

Tun daga ranar wani abu ya kwanta a ƙirjinsa, ba tsoro ba ne, ba baƙin ciki ba. Ya fi kama da ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta. Ana ba shi abinci ya ci, a kira salla ya tashi.

Kaltuma ta samo lauya, Basa'ude, wanda ke da mataimaki Bahaushen Sudan mai suna Bakri. Shi Bakri ne ya zo sijin, wato kurkuku, ya zauna da Haladu, gilashi a tsakaninsu.

"Ammu Haladu, ka ba ni kunnenka. In alƙali ya gamsu ba ka san abin da ke cikin ledar ba, muna da fatan ka koma ɗakinka. In bai gamsu ba, ɗauri ne, bayansa ib'ad, kora daga ƙasa."

"Ib'ad zuwa ina?"

"Inda fasfonka ya ce."

"Fasfon ai bai san ni ba."

"Shi dai za a bi. Saboda haka abin da aka tambaye ka kawai za ka amsa. Kada ka ƙara ko gishiri. Kun saba, ku mutanen da, a tambaye ku hanya ku ba da tarihin garin."

Bakri bai tambaye shi ko ya taɓa ba wani ƙwayar ba. Ko mantuwa ya yi, ko ba ya son ji, Allah ne masani. Haladu ma bai faɗa ba, don bai ga abin faɗa a ciki ba.

Lauya ya ce a kawo wanda zai shaidi halinsa. Kaltuma ta je ta samo Lurwanu, mutumin Maraɗi, mai ɗaukar kaya, wanda Larabcinsa bai wuce na "ɗauki" da "ajiye" ba. A bakin kotu Bakri ya ja shi gefe.

"Halinsa kawai za ka faɗa, ka ji ko?"

"Halin Baba Haladu? Kai Ustazu, ko daga barci aka tashe ni."

Ba a kai Haladu kotu ba. An zaunar da shi a wani ɗaki cikin sijin, gaban allon talabijin, alƙali a sama, lauya a gefe, kowa cikin ɗan akwatinsa. Lauyan ya yi magana mai kyau. Ya ce ga mutum ya tsufa a garin nan ba a taɓa kama shi da laifi ba, ba ya karanta rubutun katin, kyauta aka ba shi ya karɓa don ciwon baya. Alƙalin yana gyaɗa kai a hankali. Haladu yana kallon kan yana sauka yana tashi.

Sai aka kira Lurwanu. Ya sa farar jallabiyarsa ƙal ta Juma'a, ya gyara murya, tafinta na gefensa.

"Ranka ya daɗe, ni ban taɓa ganin mai buɗaɗɗen hannu kamar Baba Haladu ba. Abincinsa namu ne. Maganin nan ma da ake magana, wallahi bai taɓa hana kowa ba. Ni da kaina ya ba ni ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ko sisi bai karɓa. Ku tambayi duk masu kaya."

Tafinta ya ɗan tsaya, sannan ya juya maganar yadda take. Lauyan ya cire tabarau ya ajiye. Lurwanu yana ta murmushi, yana duban allon don su haɗa ido da Haladu.

Alƙali ya ce, "Ya Haladu, gaskiya ne ka ba shi?"

"Na'am, ya Shaihu. Bayansa ke ciwo."

"Da wasu?"

"Duk wanda ya nema."

A wajen doka, ba da irin wannan ƙwaya rabawa ce, ko an sayar ko an kyautar. Alƙalin ya ce ya duba shekarunsa da rashin laifinsa a baya ya sassauta. Ɗaurin shekara uku, in ya gama a fitar da shi daga ƙasar. Lurwanu ma ba a bar shi ya tafi gida a ranar ba. Aka ɗaukaka ƙara, hukuncin ya dawo yadda yake.

Haladu ya jira ya ji abin ya soke shi. Bai ji ba. Da allon ya mutu ya ga fuskarsa a baƙin gilashin, ya lura gemunsa na son aski.

Ranar waya Kaltuma ta ce, "Abu Hiba, na rasa inda zan sa kaina. Ni na je har ɗakin Lurwanu na roƙe shi ya zo."

"Ai bai yi ƙarya ba."

"Shi ke nan abin da za ka ce?"

"Kin biya wa Hiba kuɗin motar makaranta?"

Ta miƙa wa 'yar wayar. Hibatullah ta ce "Abuya," ta ci gaba da Larabci. Ta ce ta duba Njamena, babban birnin Cadi, a waya, akwai kogi babba, kuma sun ce zafin bai kai na nan ba. Ya ce madalla. Ya so ya ƙara wani abu, sai na bayansa a layi ya taɓa masa kafaɗa.

A ɗakinsu na sijin akwai wani Adam, direba, mutumin Njamena na ainihi, wanda shi ma fitarwa ke jiransa, amma shi yana lissafin abin da zai fara ci in ya sauka. Wata rana bayan la'asar Haladu ya matsa kusa da shimfiɗarsa.

"Malam Adam, in mutum ya sauka a garin naku, ina yake cewa a kai shi?"

"Gidan danginsa mana. Wa kake da shi?"

"Babu."

"Kai, Ɗan Madina! Ko ƙanwar kaka?"

"Tsoho bai bar suna ba."

Adam ya sosa ƙeya. "To ka riƙe unguwanni, kada direban tasi ya gane kai baƙo ne ya yi ta yawo da kai. Ka ce Farsha."

"Farsha."

"Mursal."

"Mursal."

"Shagwa. Nan ce wajen gada. Ba haka ba, kana faɗa kamar Balarabe. Saki bakinka."

Haladu ya sake faɗa. Sunayen suna fita daga bakinsa ba ɗanɗano, kamar ruwan da ya kwana a buta. Adam ya gaji ya juya ya fuskanci bango. Haladu ya zauna da hannuwansa a kan gwiwa, yana maimaita su a hankali, har aka buga ƙofa aka ce a fito karɓar abinci.